Littafin Kuɗin Aji

Ba don iya magana aka zaɓe ni ba,
ni da in'ina ke riƙe wa harshe
kamar ƙaya ta kama bakin riga.
Ranar da malami ya ce a fid da shugaban aji
kowa ya sunkuya yana duban takalminsa,
sai Sagiru daga can baya ya ce, "A ba ɗan fadama!"
Aka kwashe da dariya.
Dariyar nan ita ce ƙuri'ata.

Suka miƙo mini littafi mai koren bango
da biron da sai an hura masa numfashi yake rubutu.
Mu saba'in da huɗu,
ɗari uku-uku kuɗin hoton takardu.
Na ƙirga a aji, na ƙirga a ɗaki,
na sake ƙirgawa da fitilar waya bayan lisha:
kuɗin mutum bakwai sun yi ƙafa.

Ran Asabar na hau a-kori-kura zuwa gida,
na kama zabuwata, tana tsakiyar ƙwai,
na kai ta kasuwar Kafin Hausa.
Baba na ɗinkin koma a gindin kanya, bai ko ɗago ba.
Ya ce, "Mai riƙe da igiyar guga
shi ruwa ke fara jiƙa wa hannu.
Gobe ka rubuta suna kafin ka karɓi kuɗi."
Iyakar laccar ke nan,
kuma ba ta fito a jarrabawa ba.

Shekara ta biyu famfon ɗakin kwana ya mutu.
Kwana goma sha ɗaya muna cinikin jarka da 'yan garuwa,
alwala da rabin buta, wanka sai Juma'a.
Aka ce a ƙona taya a ƙofar makaranta,
Tanimu har ya zo da ashana.
Na miƙe na ce a ba ni kwana uku.
Kalmar "uku" sai da ta maƙale sau uku.

Na zauna kan bencin ofishin magatakarda
har masinja ya fara gutsuro mini goro.
Rana ta huɗu mai gyara ya zo,
na saɓa alkawari da yini guda,
kuma ba a manta an faɗa mini ba.
Ba wanda ya tafa.
Suka jera bokitai, nawa ne na ƙarshe,
na tsaya ina sauraren ƙarar ruwa a bokitin wasu,
ban san dalili ba, sai na ji na ƙoshi.

Wadda ta fi ba ni wuya Barira ce.
A bakin ɗakin karatu ta tsare ni:
"Lawandi, ka iya ɗaukar kaya,
raba shi ne ba ka iya ba.
Jaki ma yana ɗauka."
Na yi mata gaba ta sati biyu,
sannan na kai mata koren littafin.
Lissafinta ya fi nawa tsafta. Wannan ma na haɗiye.

Bana da na dawo hutu
kacalla ta toshe hanyar ruwan gonakin shinkafa.
Dattawa na ta ja-in-ja a dandali,
na gabas na cewa laifin na yamma ne.
Mai unguwa ya waiga: "Ina ɗan kwalejin nan?"

Ban zo da hikima ba.
Na yago takarda daga tsohon littafina,
na ce kowane gida ya faɗi suna da yawan laujensa,
na sa Kawu Ɗanjummai kan rabon gayya,
don ya fi ni sanin inda laka ke da zurfi.

Har yau in'inar tana nan.
Harshena ya tsaya cak a kan "gobe da asuba",
dandali ya yi tsit,
ba wanda ya ƙarasa mini.
Baba, daga gefe, ya ci gaba da ɗinkin komarsa,
sai dai na ga allurar ta dakata
har sai da na kai ƙarshen maganata.